Sabon Jirgi, Tsohon Hannu

 Ɗana, labari ya iso mana nan Sabon Birni cewa ka karɓi lasin ɗinka na tuƙa ƙaramin jirgi, kuma kai da abokanka kun ƙyalla ido a kan wani mai kujera biyu, irin wanda ake sayen sassansa cikin akwati mutum ya harhaɗa da hannunsa, har kun fara lissafin kuɗi da ranar da za ku tashe shi. Na yi murna ƙwarai, domin a ƙasar nan tamu ta Gobir, daga Gatawa har Turba, yaran da suka taso cikin waɗannan shekaru na tashin hankali ba su san wani jirgi ba sai na yaƙi, wanda in an ji ruguginsa uwa ke tattara ƴaƴanta ta shige ɗaki, saboda haka samun ɗanmu da zai hau sama don ilimi da sana'a ba ƙaramin sanyi ba ne ga zukatanmu. Amma ka ba ni aron hankalinka kaɗan, domin na daɗe ina shaƙar warin mai a rumfar gyaran jirage kafin ƙarfi ya ƙare in dawo gida, kuma akwai abin da nake jiye maka tsoro.

Kada ka ɗauka raina jirgin haɗin hannu nake yi. Ko kusa. Mutane da yawa ba su san cewa jirgin da sojojin saman Najeriya suka daɗe suna koyon tuƙi da shi a Kaduna, wanda ake kira Air Beetle, asalinsa irin wannan ne ba. Wani Ba'amurke mai suna Richard VanGrunsven ne ya zana shi a jihar Oregon, sunansa RV-6A, kamfaninsa na sayar da sassa ga duk mai son ya haɗa a bayan gidansa. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa cikin na 1990, kamfanin AIEP da ke Kaduna ya harhaɗa kimanin 60 daga cikinsu da hannun ƴaƴan ƙasar nan, bayan an yi musu gyare-gyare, aka ba sojoji. Ka kuma san labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero, wanda a 2007 ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen ƙarfe, har ya ɗaga daga ƙasa ƴan ƙafafu, duniya ta ji sunansa. Sha'awar nan tamu ce, ba aro muka yi ba, kuma ni ba zan zama mai kashe ta ba.

Abin da nake tsoro yana cikin hannuwanka da ƙafafunka. Jirgin da aka koya maka tuƙi da shi, ko Cessna ne ko Tampico ko Diamond irin na kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, an ƙera shi ne musamman don ya yafe wa ɗalibi kuskurensa: ka ja sanda da ƙarfi ya amsa a hankali, ka sauko da shi a karkace ya daure, ka manta da ƙafarka ya ɗan kauce kawai ya jira ka. Cikin watannin da ka yi kana hawansa jikinka ya haddace wannan haƙurin nasa ba tare da ka sani ba, har ka ɗauka haka kowane jirgi yake. Mu Gobirawa mun san cewa yaron da ya ƙware a kan tsohon doki mai sanyin hali, wanda ya san hanyar gida da kansa, ranar da aka ɗora shi a kan ingarman da ya sha hatsi ya kwana a turke, ƙwarewar tasa ce ke kayar da shi, domin zai ja linzami yadda ya saba, ya sa ƙaimi yadda ya saba, shi kuwa ingarma wannan taɓawar a wurinsa umarni ne na a guje.

Bari in ba ka lissafin, domin na san ku yaran yanzu sai da lamba kuke yarda. Cessna 172 na zamani da RV-6A duka ana samun su da inji mai ƙarfin dawaki 180. Amma Cessna in ya cika da kaya da mutane yana haura kilo 1,100, shi kuwa RV-6A iyakarsa wajen kilo 750. Faɗin fuka-fukan Cessna daga wannan baki zuwa wancan mita 11 ne, na RV-6A mita 7. Cessna na tafiyar kilomita 220 da ɗoriya a awa, wancan yana kai 300, wato kilomita biyar a kowane minti. Ƙarfi ɗaya ne, amma an ɗora shi a kan jiki mara nauyi mai gajeren fiffike, saboda haka duk abin da ka saba yi cikin natsuwa zai zo maka a gurguje, kuma mafi yawansa a wurare biyu zai same ka: lokacin tashi da lokacin sauka, inda ƙasa ke kusa, ba sararin gyara kuskure.

Mu fara da tashi. Ka san in farfela na juyawa da ƙarfi tana karkata hancin jirgi zuwa hagu, kuma an koya maka ka danna ƙafar dama don ka miƙar da shi. A jirgin makaranta ɗan dannawa kaɗan ya isa. A wannan kuwa, in ka tura totur gaba ɗaya lokaci guda kamar yadda ka saba, kafin ka ƙifta ido hancin ya nufi ciyawar gefen titi, kai kuma cikin firgita ka danne dama fiye da kima, ya dawo ya wuce, sai ka shiga kai-komo a kan titin kana gudun da ba ka taɓa yi a ƙasa ba. Akwai kuma wani abu da ba kowa ke faɗa ba: tayar gaban RV-6A ba a haɗe take da ƙafafun matuƙi ba, sake take tana juyawa yadda ta ga dama, saboda haka kafin iska ta kama wutsiya da birkin dama da na hagu ake tuƙa shi, kuma wannan sana'a ce dabam da sai an koya. Ka tura totur sannu a hankali, kana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu a ranka, idonka a can ƙarshen titi, ba a kan hancin jirgi ba. In ya fara kaucewa ka ga ba ka riƙe shi ba, ka janye wuta ka tsaya. 

Da ya bar ƙasa kuma sai maganar sanda. Irin waɗannan jirage da yatsu ake tuƙa su, ba da damtse ba. Ka ɗora hannunka a kan cinyarka, ka riƙe sandar da yatsa biyu ko uku, domin in ka damƙe ta irin damƙar da ka saba, za ka ja ya ɗaga hanci fiye da yadda kake so, ka tura ya sunkuya fiye da yadda kake so, kowace gyara ta fi ta baya girma, alhali jirgin lafiyarsa ƙalau, kai ne kake girgiza shi. Maganin abin shi ne ka tsayar da hannunka cak na ɗan lokaci, sai ka ga ya natsu da kansa. Yana kuma hawa sama kusan ninki biyu na abin da ka sani, hanci a ɗage har ba ka ganin gabanka sosai, saboda haka tun kana ƙasa ka yanke wa kanka shawarar abin da za ka yi in inji ya mutu a wannan hali. Ka sunkuyar da hanci nan take, ba jinkiri, domin jirgi mara nauyi da hancinsa ke sama gudunsa na zubewa cikin daƙiƙu kaɗan, sannan ka sauka a abin da ke gabanka, ko gona ce ko fako. Zuciya za ta ce maka ka juya ka koma titi, tun da ga shi can a bayanka, ga kuma jirgin da kuka zuba wa dukiya da gumi. Kada ka saurare ta, ɗana. Wannan juyawar ta cinye matuƙan da suka fi ka sanin aiki nesa ba kusa ba.

Sauka ita ce babbar magana, kuma tun daga nesa take farawa. Jirgi mai sumul ba ya son rage gudu. In ka iso kusa da fili da gudun tafiya kana tunanin za ka rage a zagayen ƙarshe kamar yadda kake yi da na makaranta, za ka tarar kana sama da yawa, kana gudu da yawa, hannunka na neman abu uku a lokaci ɗaya, kuma daga nan kurakurai ke fara haihuwar juna. Saboda haka tun saura minti biyar ko shida ka fara shiri, ka shigo zagayen fili da gudun da malaminka ya yanka maka, ba wanda ya zo maka ba. Abin mamakin kuma shi ne, wannan jirgi da ya ƙi rage gudu, da zarar ya rage ka kuma janye wuta, sai gajeren fiffikensa ya nuna halinsa, ya riƙa nitsewa da sauri fiye da yadda idonka ya saba gani, musamman in farfelarsa irin mai sauya kwanciyar ruwanta ce, wadda ke zama kamar birki a iska. Tsakanin saurin da ya yi yawa da wanda ya yi kaɗan tazara ce ƴar siririya. In ka ƙara kashi goma cikin ɗari a kan gudun sauka, tsawon titin da za ka ci zai ƙaru da wajen kashi ashirin, kana shawagi a kan kwalta jirgi ya ƙi zama. In kuma ka rage fiye da kima, iska ta saki fiffiken, ka faɗo.

Ka kula ƙwarai da kwanar ƙarshe, wadda ke miƙa ka ga titi. Saboda gudunka ya fi na da, sau da yawa za ka ga ka zarce layin, sai zuciya ta ce ka ƙara kwantar da fiffike, ka taimaka da ƙafa, ka ɗan ja sanda. To ka sani, jirgin da aka kwantar digiri 60 ana riƙe da tsayinsa, gudun da fiffikensa ke daina ɗaukarsa yana ƙaruwa da kusan kashi 40 cikin ɗari, kuma in ya sulluɓe a wannan wuri, ƙasa na kusa, babu ƙwarewar da za ta dawo da shi. In ka zarce, ka zarce ke nan. Ka sa wuta, ka miƙe, ka sake zagayowa.

Sai taɓa ƙasa. Tayoyin baya biyu su ne na sauka, tayar gaba ta riƙe hanci ce kawai in an gama, kuma ƙafarta a irin wannan jirgi siririn ƙarfe ne da ba ya son wulaƙanci. In ka kasa haƙuri da shawagin nan ka tura sanda don ka manna shi da ƙasa, tayar gaba ce za ta fara bugawa, jirgin ya yi tsalle, ya dawo ya sake bugawa da ƙarfin da ya fi na farko, a na uku ƙafar ta lanƙwashe, kuma an sha ganin irinsu sun kife a bayansu, musamman a fili mai laushi ko mai ramuka. Ka riƙe hanci a sama har sai ya sauka don kansa, ka ci gaba da riƙe sandar a baya har ka tsaya. In kuwa mai tayar wutsiya kuka saya, to nauyinsa na bayan manyan tayoyi, kullum wutsiya na neman ta wuce gaba, saboda haka ƙafafunka ba su da hutu sai an kashe inji. Tsallen farko in ya yi girma, kada ka tsaya gyara: wuta, ƙafar dama, ka tashi. Na lura matasa na jin kunyar fasa sauka, wai kada na ƙasa su ce ba su iya ba, ni kuwa a iya zamana da matuƙa ban ga wanda manya ke girmamawa kamar yaron da ya fasa sauka ya dawo ya yi ta da kyau ba.

Kada ka ce tsoron tsufa ne ke sa ni wannan dogon bayani. A Amurka, inda irin waɗannan jirage suka fi yawa, hukumar binciken haɗurran sufuri ta yi nazari a kansu ta fitar a 2012, ta ce su ne kusan kashi 10 cikin ɗari na ƙananan jiragen ƙasar, amma a 2011 su ke da kimanin kashi 15 na haɗurra, da kashi 21 na waɗanda aka rasa rai. Ta kuma lura cewa da yawa na faruwa ne a farkon hawa, har da hawan mutumin da ya sayi wanda wani ya riga ya haɗa ya daɗe yana tashi da shi lafiya. John Denver, mawaƙin Amurka, yana da fiye da awa 2,700 a sama lokacin da ya sayi wani jirgin haɗin hannu mai suna Long-EZ. Wanda ya haɗa shi ya sa makunnin sauya tankin mai a bayan kafaɗar hagu ta matuƙi, ba inda mai zanen ya ce a sa ba. Ranar 12 ga Oktoba 1997 mai ya yanke masa a kan teku a gaɓar Kalifoniya, ya juya jikinsa yana laluben makunnin, jirgin ya ƙwace, ya rasu. Ka ga, jirgin kamfani in ka san ɗaya ka san dubu, amma na haɗin hannu kowanne da halin mai haɗa shi, saboda haka kafin ka tashe shi ka zauna a cikinsa a ƙasa, ka ɗaure bel, ka rufe ido, ka taɓa kowane makunni har hannunka ya san wurinsa, ka kuma sa a auna nauyinsa a kan sikeli, kada ka dogara da takardar da aka miƙo maka.

Mu ma nan gida muna da abin tunawa. Marigayi Danbaba Suntai, gwamnan Taraba, mutum ne mai son tuƙin jirgi da gaske, a Zariya ya koya. Ranar 25 ga Oktoba 2012 ya faɗi kusa da Yola da jirgin Cessna Caravan, wanda ya fi na koyo girma da ƙarfi nesa, bayan rana ta faɗi, kuma masu bincike sun ce ba shi da shaidar ƙwarewa a kan wannan samfurin, ba shi da izinin tuƙin dare. Bai sake komawa daidai ba har ya rasu a 2017. Ban kawo sunansa don in ci zarafinsa ba, na kawo ne domin ka ga cewa muƙami da dukiya da son abu ba sa zama a madadin awannin da ake yi kusa da malami.

Saboda haka abin da nake roƙonka ƙarami ne, ko da yake zai ci kuɗi da lokaci. Ka nemi malamin da ya san wannan samfurin kansa, ba malamin jirgi kawai ba. A Kaduna akwai tsofaffin matuƙan soja da suka koyar da Air Beetle shekara da shekaru. Ka je musu da ladabi, ka durƙusa ka gaishe su, domin abin da ke kansu ba ya cikin littafi. Ku hau can sama inda akwai sarari, ya nuna maka yadda jirgin ke yi in gudu ya ƙare masa, ka ji alamar a jikinka, sannan ku dawo ku yi ta tashi da sauka, da iska da babu iska, har ranar da shi da bakinsa zai ce ka isa, ba ranar da kai ka ji ka isa ba. In kuwa sabon haɗi ne da bai taɓa barin ƙasa ba, kada ka zama mai fara tashinsa, ko da kai ka ɗaura kowace ƙusa, domin baƙon jirgi da baƙon matuƙi ba sa haɗuwa a rana ɗaya. A Amurka doka ta sa sai an yi wa irinsa gwajin tashi a keɓaɓɓen wuri, ba tare da fasinja ba, kafin a ɗauki kowa. Nan kuma duk takardar da hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, NCAA, ta nema ku ba ta, ku bar injiniyanta ya duba aikinku, kada ku ɗauke shi abokin gaba. Wannan magana har da mata, in akwai su cikin abokanka masu wannan buri, domin Zariya ta yaye mata matuƙa tun zamanin su Kyaftin Chinyere Kalu, kuma jirgi bai san namiji ko mace ba.

Saura yanayin ƙasarmu, wanda littattafan da kuke karantawa ba don shi aka rubuta su ba. Filin jirgin Sultan Abubakar na Uku a Sakkwato bai wuce tudun mita 300 da ƴan kai daga teku ba, amma a watan Afrilu, in zafi ya kai digiri 42, iska kan yi shaƙaf har inji da fiffike su ji kamar daga tudun Jos suke tashi, titi ya ƙara tsawo, hawa ya ragu, ga iskar rana mai tuƙuƙi da ke wujijjiga ƙaramin jirgi. Ka yi koyonka da sanyin safiya, bayan asuba. Da hunturu kuma, in ƙurar nan ta taso daga ƙasar Chadi, hazo kan rufe gari har manyan jirage su kasa sauka Kano da Sakkwato. In ganinka bai wuce kilomita ɗaya ba, kana saukowa da gudun kilomita 130 a awa, abin da ka hango ƙasa da rabin minti ne tsakaninku. Da farkon damina ka san yadda hadari ke haɗuwa a gabas, iska ta riga ruwa isowa da jan ƙura. In ka hango shi, ka ɗaure jirginka ka nemi inuwa.

Na kuma san abin da ke can ƙasan ranka, domin duk ɗan da ya yi nisa yana da shi: ka zo ka yi shawagi a kan kufan Alkalawa, ka bi gulbi ka leƙa Isa, ka sauka a wani fako kusa da gari dangi su fito su gani. Ka ajiye wannan tukuna. Fakon da ido ke gani sumul daga sama yana da ramukan gafiya da sawun shanun da ya bushe tun damina, ga rairayin da zai kama tayar gaban nan da na gaya maka, ga awaki, ga yara da za su sheƙo da gudu ba su san farfela ba. Bayan wannan, sararin samaniyar yankin nan a yau wurin aikin soja ne, kuma akwai masu bindiga a dazukan da ba za su tsaya tambayar ko jirgin wane ne ba. Iyakar Nijar kuma ga ta nan kusa, da gudun wannan jirgi ƴan mintuna kaɗan na kuskure sun isa su kai ka wata ƙasa ba da izini ba, ko da kuwa ƴan'uwanmu ne a Tsibiri da Maradi. In Allah ya sa ka ƙware, ka sauka a Sakkwato, ka bar jirgin a can hannun masu tsaronsa, ka tambayi lafiyar hanya kafin ka kamo ta Goronyo da rana tsaka. Kafin nan, ka aiko mini da sunan malamin da ka samu da irin jiragen da ya koyar da su, domin ina so in san hannun da zan bar ka a ciki.